Yadda Ake Fahimtar Aikin Kanikawa a Tseren Formula 1

Shirye-shiryen talabijin masu cike da faɗa da guje-gujen motoci sun saba nuna bakanike guda ɗaya da zai shige ƙarƙashin mota da sifana, ya fito bayan ɗan lokaci ya ce an gama. A tseren Formula 1 kuwa aiki ne na mutum kusan ashirin, kuma duk mai kallon da ya zuba wa direba ido shi kaɗai, rabin tseren ya wuce shi.

Da farko, idan mota ta kauce daga hanyar tsere ta nufi gaban gareji, ka ɗauke idonka daga kanta ka mayar kan mutanen da ke tsugune suna jira. Kowace taya tana da mutum uku: mai riƙe da injin iska da ke kwance noti ya kuma ɗaure shi, mai zare tsohuwar taya, da mai saka sabuwa. Akwai mai jak a gaba da wani a baya, ga wasu biyu da ke riƙe motar daga gefe don kada ta yi rawa. Mai jak na gaba ya fi ba ni mamaki, domin yana tsaye ne daidai inda motar za ta ci birki, kuma ba ya motsawa. Noti ɗaya tak ke riƙe kowace taya, kuma tun 2010 aka hana shan mai a tsakiyar tsere, shi ya sa ake gama komai cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Kanikawan ƙungiyar McLaren sun yi wa direbansu Lando Norris canjin taya cikin daƙiƙa 1.80 a Qatar a 2023.

Bayan haka ka duba launin da ke gefen sabuwar tayar. Ja alama ce ta mai laushi, wadda take kama kwalta sosai amma take saurin cinyewa. Rawaya matsakaiciya ce, fara kuma mai tauri ce da ke jure tafiya. Kore da shuɗi na ruwan sama ne. Idan babu ruwa, doka ta tilasta wa kowane direba amfani da iri biyu aƙalla, saboda haka launin zai nuna maka ko motar za ta sake tsayawa.

Kada kuma adadin daƙiƙun da ake rubutawa a allo ya ruɗe ka. A titin gareji ba a yarda mota ta wuce kilomita 80 a awa ba a yawancin filaye, a Monako ma 60 ne, don haka shiga da fita sukan cinye kusan daƙiƙa ashirin. Ƙungiyar da ta kira direbanta da wuri tana fata sababbin tayoyi su ba shi saurin da zai sha gaban abokin hamayya kafin shi ma ya tsaya, kuma jinkirin daƙiƙa ɗaya a hannun bakanike yana iya rusa wannan dabara.

Idan aka maimaita hoton a hankali, ka lura da yadda bakin injin iskan ke shiga kan noti. A Monako a 2021 ya shiga a karkace a motar Valtteri Bottas ta Mercedes, ya cinye haƙoran notin, tayar ta ƙi fita, Bottas, wanda ke matsayi na biyu, ya fice daga tseren, kuma sai da aka mayar da motar masana'anta a Ingila kafin a iya cire notin.