Kurakuran da aka fi yi wajen kallon zanen zamani

Wanda ya shiga wurin baje kolin zane a Garwa ko Injamena yakan tarar da hotunan da siffarsu ba ta fito sarai ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yanke hukunci nan take cewa mai zanen bai iya ba, tun da abin bai yi kama da hoton kyamara ba.

Gyaran wannan yana cikin bijimin Pikaso, shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifen. Tsakanin Disambar 1945 da Janairun 1946 ya zana bijimi ɗaya sau 11. Na farkon cike yake da tsoka da inuwa. Daga nan ya riƙa ragewa, kan ya ƙanƙance, jikin ya koma 'yan layuka, aka bar ƙahoni da gadon baya da ƙafafu. Duk da haka ko yaron makiyayi ya gani zai ce sa ne. Don haka tambayar da ta dace guda biyu ce: me mai zanen ya ajiye, me ya zubar? Abin da ya ajiye shi ne abin da yake son ka gani. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba ta da ƙota balle kube, tsini kawai aka bari, kuma ba wanda ya taɓa cewa maɗinkin ya kasa. Shanun da aka zana a duwatsun Ennedi na Cadi tun dubban shekaru, yawancinsu ƙaho ne da siffar jiki kurum.

Kuskure na biyu shi ne tsayawa wuri ɗaya. Ja da baya kamar mita 3, ka ɗan runtse ido, ƙananan abubuwa su ɓace, manyan siffofi da haske da duhu su fito. Sannan ka matso har tsawon hannu, ka duba kaurin fenti da inda burushi ya bi. Wanda ya tsaya nesa kaɗai ba zai ga aikin hannu ba, wanda ya manne kuwa dabbare-dabbare zai gani.

Kallo a waya ma yana ruɗi. Zanen Gernika, wanda Pikaso ya yi a 1937, faɗinsa ya kusa mita 8, tsayinsa mita 3 da rabi. A waya dokin da ke ihu a tsakiyarsa bai fi ɗan yatsa ba. Riƙa duba ma'aunin zane da shekararsa kafin ka ce komai.

Akwai kuma masu yabon duk abin da ba su gane ba, don kada a ce ba su waye ba. Wannan ya fi cutar da masu zane matasa, domin yana koya musu cewa watsa launi ya isa. Gwajin mai sauƙi ne: kare wani sashe na zanen daga idonka da tafin hannu, ba tare da ka taɓa shi ba. In zanen ya karkace ko ya rasa nauyi, sashen yana aiki. In ka rufe wurare uku ko huɗu ba abin da ya canja, aikin bai nuna ba tukuna.