Yadda za ka zama likitan ƙwaƙwalwa a nan Kano

Ƙanina in dai da gaske kake to ka dage ka samu gurbin karatun likita a BUK, shekara 6 ce cur, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, sannan ka nemi horon ƙwarewa a sashen masu taɓin hankali na asibitin Malam Aminu Kano, nan ma shekaru ne da jarrabawa hawa-hawa.

Amma fa rabin aikin ba a littafi yake ba wallahi. Ka riƙa leƙawa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, za ka ga uwa ta kawo ɗanta da sawun mari a ƙafa, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, an gama zagaye wajen masu magani kuɗi sun ƙare. Kar ka yi mata faɗa. Ka ce Mama a ci gaba da addu'a, amma ya sha magani kullum, kuma kar a daina don an ga sauƙi, nan ne ciwon ke dawowa.

Bincike kuwa daga fayil ɗin mara lafiya yake farawa, rubuta komai. Ka karanta aikin Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Aro a Abeokuta, wanda tun 1954 ya zaunar da marasa lafiya a ƙauye tare da danginsu ana musu magani.