Darasi na Tara: Ido na Uku a Kan Ƙadangare

Da hantsi, dubi katangar gidanku. Za ka ga jan gwada ya baje yana shan rana. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu, sai rana ta gasa shi kafin ya iya gudu da farauta. In kuma ya wuce kima, zafi ya yi masa illa. Cikin abubuwan da ke taimaka masa ya san lokacin komawa inuwa akwai wani ɗan ido a tsakiyar kansa.

Ba ya kama da ido. Ɗigo ne kawai, kamar ɓawon fata mai haske. Amma a ƙarƙashinsa akwai sassa irin na ido, da jijiya da ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba ya ƙiftawa, ba ya juyawa, ba ya ganin siffar komai. Haske da duhu yake bambancewa.

Damo da guza suna da shi. Wanda ya taɓa riƙe damo a hannu (sarkin haƙuri ne, amma a kula da bulalar jelarsa) zai iya ganin ɗigon. Na hawainiya ya ƙanƙance ƙwarai, ya ɓoye a fata. Ita dai manyan idanunta biyu, da kowanne ke juyawa gefensa, su ne jarinta. Maciji da kada da kunkuru da tsaka ba su da shi.

A ƙasar Niyu Zilan akwai tuwatara, wata dabba mai kama da ƙadangare. Ɗanta yana ƙyanƙyashewa da idon a fili, bayan 'yan watanni fata ta rufe shi.

A 2009 masana a Jami'ar Ferrara ta Italiya sun gwada wani abu. Sun koya wa ƙadangaru iyo zuwa wani dandamali da aka ɓoye cikin ruwa, rana ce kawai jagorarsu. Da aka shafe ɗigon da fenti, sai suka kasa gane hanya, alhali idanunsu biyu lafiya lau.

Mu ba mu da ido na uku a ka, amma can cikin ƙwaƙwalwarmu akwai 'yar tsoka kamar ƙwayar shinkafa, 'yar uwar wannan ido. In duhu ya yi, takan saki sinadarin melatonin mai shirya jiki don barci. Haske mai ƙarfi da dare yana rage shi, shi ya sa barin ƙwan lantarki a kunne kan jinkirta wa wasu barci.

Aiki: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka lura da haruffa masu lanƙwasa: ƙadangare, ɗigo, ɓawo, ƙwaƙwalwa. Gobe ka duba agogo sa'ad da ƙadangaren farko ya fito shan rana, da sa'ad da ya koma inuwa. Rubuta lokutan da lambobi, ka zo da su aji.