Yadda za ka yi idan an sace maka waya kuma ɓarawon ya kashe ta

Duk wanda aka taɓa fizge wa waya ya san abin da ke biyo baya. Ka ari wayar na kusa da kai, hannu na rawa, ka danna lambarka, sai muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun wanda kake nema. Ka sake kira. Ka sake. Kafin ka ankara ka ɓata awa guda a bakin babbar kasuwar Garwa kana kiran wayar da ke kashe a aljihun wanda ya riga ya haye klando, wato abin hawan haya, ya yi nisa.

Wannan awar ita ce ake asara a cikinta. Ɓarawo yana kashe waya ne don kada a bi sawunta, amma layin da ke ciki yana nan da ransa. Minti ɗaya ya ishe shi ya zare sim ya zura a wata 'yar ƙaramar Itel, daga nan duk saƙon da aka turo maka shi zai karanta, har da lambobin tabbatarwa na WhatsApp da Facebook da banki. Saboda haka a shawarata ka bar maganar ƙarfen wayar tukuna. Layi da kuɗi su ne gaba.

Mataki na 1: Rufe layin

Da wayar aro, kira sashen kula da masu hulɗa na kamfanin layinka, MTN ne ko Orange ko Camtel a nan Kamaru, ko Airtel da Moov Africa idan a Cadi kake. In ba ka riƙe lambar ba, duk mai kiyos ɗin tura kuɗi a bakin titi ya san ta. Ka ce an sace maka waya, kana so a dakatar da layin. Za su tambayi sunanka da lambar katin shaidarka, wataƙila da wasu lambobin da ka saba kira. Idan rana ce kuma ajans, wato ofishin kamfanin layin, na kusa, tafiya da ƙafa ta fi kira, domin a zama ɗaya za a kashe tsohon sim a ba ka sabo mai lambarka ta da. Da zarar sabon ya kama, wanda ke hannun ɓarawo ya zama roba.

A nan ne mutane da yawa ke cijewa. Ba a sabunta layi sai ga wanda aka yi rajistarsa da sunansa, da katinsa a hannu. Mu kuwa a nan, nawa ne ke amfani da sim ɗin da aka saya a hannun yaro mai yawo da laima a tasha, da sunan wani da ba su taɓa gani ba? Ya faru a gidanmu. An zare wa ƙanwata waya daga jaka a wajen biki a Marwa, muka je ajans da sassafe, mai karɓar baƙi ta duba kwamfuta ta ɗago ta ce, "Hajiya, wannan layin ai ba sunanki ne a kai ba." Ashe tun tana makaranta wani kawunmu ya yi mata rajista da katinsa, shi kuma yana Ngaundere. Sai da aka jira shi ya je da kansa, kwana uku layin na hannun wanda ba mu sani ba. Ba laifin kowa ba ne sai namu. Idan kai ma layinka da sunan wani yake, shi za ka fara nema kafin ka bar inda kake tsaye.

Mataki na 2: Tsare kuɗin

Kuɗin MoMo na MTN ko Orange Money ba a cikin wayar suke ba, suna cikin asusun da ke ɗaure da lambarka, don haka za ka tarar da su idan ka karɓo sabon sim. Sharaɗin shi ne kada ɓarawo ya riga ka. Abin da ke tsakaninsa da su lambar sirri ce kawai, kuma idan taka 1234 ce, ko shekarar haihuwarka, ko ka ajiye ta a cikin sunayen waya da sunan "code momo", to ƙofa a buɗe take. A kiran da ka yi na rufe layi, ka faɗa musu a fili cewa har asusun kuɗin kake so a dakatar. Kada ka ɗauka rufe ɗaya ya rufe ɗayan, tambaya ba ta cin kuɗi.

Bayan ka karɓi sabon sim, shiga *126# idan MTN ne, ko #150# idan Orange ne, ka duba abin da ya rage da hada-hadar ƙarshe, ka canza lambar sirri. In akwai manhajar banki a wayar, kira bankin su cire ta daga asusunka.

Mataki na 3: Sanar da mutanenka, ka ƙwato WhatsApp

Ɓarayin yanzu sun gane cewa sunanka ya fi wayarka daraja. Su buɗe WhatsApp ɗinka, su rubuta wa yayarka da ke Duwala ko abokin kasuwancinka na Kusuri cewa an kwantar da Inna a asibiti, a turo jaka ashirin ta wannan lambar. Wanda ya ga hotonka a sama ba zai tsaya bincike ba. Ka sa wani ɗan uwa ya sanar a zaurukan dangi da na kasuwa da na masallaci cewa an sace wayarka, kada kowa ya tura ko sisi.

Ƙwato WhatsApp ba wuya idan sabon sim na hannunka. Sa shi a wata waya, buɗe manhajar, shigar da lambarka, za a turo lamba mai alƙaluma 6 ta saƙon tes. Kana shigar da ita, asusun ya fita daga tsohuwar wayar. Idan aka nemi wata lambar sirri ta mataki na biyu wadda ba kai ka sa ba, ɓarawon ne ya sa, kuma sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba. Amma shi ma an riga an fitar da shi. Da ka shiga, leƙa wurin na'urorin da aka haɗa ka cire duk wadda ba ka sani ba. Sannan ka canza kalmar sirrin Gmail da Facebook da TikTok.

Mataki na 4: Yanzu sai neman wayar

Gaskiya ɗaya ce: yawancin wayoyin da muke riƙewa, su Tecno da Infinix da Itel, idan aka kashe su sun yi shiru ke nan. Ba tauraron ɗan'adam da zai gan su, ba manhajar da za ta kunna su daga nesa. Abin da za ka iya samu shi ne wurin da wayar ta yi magana da intanet na ƙarshe, da kuma umarnin da zai zauna yana jiran ranar da aka kunna ta.

Mai Android ya buɗe android.com/find a wata waya ko kwamfuta, ya shiga da Gmail ɗin da ke kan wadda aka sace. Wannan hidimar ta Google ce, da ana ce mata Find My Device, a 2025 suka mayar da sunan Find Hub. Taswira za ta nuna wurin ƙarshe da lokacinsa. Ɗauki hoton allon ka ajiye. Sai ka zaɓi kulle wayar, ka rubuta ɗan saƙo da lambar wani ɗan uwa da zai bayyana a fuskarta. Ba zai yi aiki nan take ba, sai ta kunnu ta samu intanet. Idan Google ya ce sai ya tura lambar tabbatarwa zuwa layinka kafin ya bar ka ka shiga, ka ga dalilin da ya sa na ce a fara da sim. Masu Samsung suna da ƙarin hanya ta SmartThings Find, in dai sun buɗe asusun Samsung tun farko.

IPhone ta ɗan fi sauƙi. Tun daga iPhone 11 zuwa sama, da tsarin iOS 15 da ya fito a 2021, wayar tana ci gaba da fitar da ɗan siginar Bluetooth na wasu awoyi bayan an kashe ta, sai wata na'urar Apple da ta gifta kusa ta ɗauka ta kai rahoto. Wayoyin Pixel 8 zuwa sama na Google ma suna da irin wannan. Sai dai dabarar tana buƙatar wasu wayoyi irinta a kusa. A tsakiyar Njamena ko unguwannin manyan ma'aikata a Garwa ana iya dacewa, a ƙauyen da babu mai iPhone ko ɗaya kuwa, taswira za ta tsaya cik. Shiga icloud.com/find, ka sa wayar a yanayin ɓata, wanda zai kulle ta.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka cire wayar daga asusunka na Apple ko na Google don haushi. Muddin tana ɗaure da asusun, ko an goge ta sai ta nemi kalmar sirrinka kafin ta buɗe. Cire ta daidai yake da ka bi ɓarawo ka miƙa masa makulli.

Mataki na 5: IMEI da hukuma

Kowace waya tana da lambar jiki mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, mai sim biyu tana da guda biyu. Da wayar na hannu, danna *#06# ke fito da ita. Tunda ba ta nan, duba kwalinta ko rasidin saye. A shafin Find Hub ma ana ganinta a bayanan wayar. Amfaninta shi ne ba ta bin sim. Duk layin da aka sa a wayar, kamfanin yana ganin IMEI ɗin tare da sabuwar lambar.

Sai dai kamfani ba zai ba ka wannan bayanin don ka roƙa ba, kuma daidai ne, in ba haka ba kowa sai ya bi sawun kowa. Hukuma ce ke nema a rubuce. Don haka ka je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko birgad ɗin jandarma mafi kusa da inda abin ya faru, da katin shaidarka, da kwali ko rasidi, da hoton taswirar nan. Ka shigar da ƙara a kan wanda ba a sani ba, a rubuta IMEI a ciki, ka karɓi takardar shaida ka adana. Idan fizge aka yi da makami ko yanzu-yanzu abin ya faru, a Kamaru 117 na 'yan sanda ne, 113 na jandarma. Ka riƙa komawa kana bibiya cikin ladabi, fayil ɗin da mai shi ba ya leƙowa ƙura yake sha.

Kada in yaudare ka, ba kowace ake samu ba. Mu mutanen bakin iyaka ne. Wayar da aka sace a Kusuri da hantsi tana iya haye gadar Ngeli ta kwana a Njamena, ta Garwa ko Marwa kuma ta bi hanyar Yola ko Mubi. Da ta koma kan layin wata ƙasa, takardar da aka rubuta wa kamfanin gida ba ta da abin da za ta gani. Wasu kuma ba a sake kunna su ma, a wargaza su ake yi a sayar da gilashi da batir. Duk da haka takardar ƙarar tana da wani amfanin: idan aka yi damfara da layinka ko wayarka bayan ranar, ita ce shaidarka cewa ba a hannunka take ba.

Mataki na 6: Tarkunan da ke zuwa daga baya

Idan taswira ta nuna wayar ta kunnu a wani gida ko rumfa, kada ka tara samarin unguwa ku tafi. Taswirar tana iya kuskure da gidaje da dama, ka je ka ɗora wa bawan Allah sata, ko ka tarar da mai wuƙa. Kai wa jami'in da ke riƙe da ƙararka. Sau da yawa ma wanda za a tarar da ita a hannunsa saye ya yi, shi ne zai nuna wanda ya sayar masa.

Bayan kwana biyu ko mako, saƙo na iya shigowa a lambar da ka rubuta a fuskar wayar, wai daga Apple ko Google, cewa an gano wayarka, danna nan ka ga inda take. Ɓarayin ne. Shafin da zai buɗe na bogi ne, kalmar sirrinka yake nema don su kwance kullen. Haka masu tallar kansu a Facebook cewa suna gano waya da IMEI idan ka tura musu jaka biyar ko goma. Ba su da hanyar shiga na'urorin kamfanin layi, sata ta biyu ce kawai. Wanda ya kira ya ce ya tsinci wayar, ka turo kuɗin mota ya kawo, ce masa ku haɗu a ƙofar komisariya.

Mataki na 7: A goge ko a jira?

Wannan ya danganta da abin da ke ciki. Idan akwai hotunan iyali da ba ka so a gani, ko takardun aiki, ko hoton katin shaidarka, kuma makullin allon mai rauni ne ko babu shi sam, ba da umarnin gogewa tun a ranar. Zai jira har wayar ta hau intanet sannan ya share ta. Ka sani cewa a Android, bayan gogewa ba za ka ƙara ganinta a taswira ba, kuma katin memori da ke ciki wataƙila ba zai gogu ba. Idan kuwa makullin mai ƙarfi ne kuma hukuma na kan bincike, ba ta 'yan kwanaki.

Ranar da za ka sayi madadinta, kafin ka bar shagon ka danna *#06#, ka rubuta lambar a takarda ka ajiye tare da kwalin a gida. Sa wa sim lambar sirri ta kansa a cikin saitin waya, ta yadda duk wanda ya zura shi a wata waya sai ya shigar da ita, in ya yi kuskure sau 3 ya kulle sai da lambar buɗewa ta PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da sim ya zo a ciki. In Android 10 ce ko sama, kunna kariyar sata da Google ya fitar a 2024, wadda ke kulle allo idan wayar ta ji alamar an fizge ta an ruga. Idan kuma ta hannu za ka saya, ka nemi kwali ko rasidi, ka gwada IMEI ɗin jiki da na kwalin, mai sayarwa ya fita daga asusunsa a gabanka. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadi hukunci ga mai karɓar kayan sata a sashe na 324, kuma idan aka bi sawun IMEI, ƙofar wanda wayar ke hannunsa ake fara ƙwanƙwasawa.