Yadda Ake Yi wa Masauki Aiki a Samu Wurin Kwana a Ƙasar Waje

A birane irin su Lisbon, Istanbul, Cape Town da Marrakesh akwai masaukai masu araha da ake kira hostel, inda mutum shida ko takwas ko goma sha biyu ke kwana ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu. Da yawansu suna ɗaukar matafiya su yi musu aiki, su kuma su ba su gado maimakon albashi. Abin da aka saba shi ne awa 4 zuwa 5 a rana, kwana 5 a mako, wato awa 20 zuwa 25, da hutun kwana biyu. Wasu kan haɗa da karin kumallo da wankin kaya. Kuɗin jirgi, biza da sauran abinci duk a kanka suke.

Kafin ka buɗe kowane shafin intanet na neman irin wannan aiki, fara da maganar biza, domin nan ne tafiyar take yawan lalacewa. Mutane kan ɗauka tunda ba kuɗi ake biyansu ba, ba aiki suke yi ba. Hukumomin shige da fice na ƙasashe da dama ba haka suke gani ba: gado da abinci lada ne, wanda ya karɓi lada kuwa ma'aikaci ne. A Amurka bizar yawon buɗe ido ba ta halatta irin wannan musaya ba. Birtaniya ta yarda baƙo ya yi aikin sa kai na kwana 30 kacal, shi ma sai ga ƙungiyar agaji mai rajista, kuma masaukin kasuwanci ba ya cikin wannan. A yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, bizar ziyara tana ba ka kwana 90 cikin kowane kwana 180, amma dokar aiki kowace ƙasa da tata. Idan aka kama ka, za a iya soke bizar, a mayar da kai gida, a hana ka shiga na wasu shekaru, mai masaukin kuwa sau da yawa tara kawai zai biya ya ci gaba da harkarsa. Saboda haka karanta shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanka. Kada ka dogara da "babu matsala, kowa haka yake yi" daga bakin mai masauki. Mai fasfon Najeriya zai fi samun sauƙi idan ya fara gwadawa a ƙasashen ECOWAS kamar Ghana, Senegal ko Cape Verde, inda yake shiga ba biza har kwana 90. Katin rigakafin ciwon shawara dai kada ya baro shi a gida.

Sai rajista. Manyan shafukan da ke haɗa matafiya da masaukai su ne Workaway, Worldpackers da HelpX. Duba tallace-tallace kyauta ne, amma aika wa mai masauki saƙo sai ka biya kuɗin zama mamba. Tanadi katin da ke biyan dala tun da wuri. Duk wani dillali da ya ce ka turo masa kuɗi ya "samo maka gurbi" ko ya haɗa maka takardar gayyata, rabu da shi.

A bayananka na shafin, sa hoton fuskarka a fili, ka faɗi harsunan da kake ji, da abin da hannunka ya iya: fenti, gyaran famfo, ɗaukar hoto, girki, kula da shafin Instagram. Mai Turanci da Larabci ko Faransanci yana da daraja a teburin karɓar baƙi. Ka fara nema wata ɗaya zuwa uku kafin tafiya, ka rubuta wa masaukai goma ko fiye, kowanne da saƙonsa daban mai ɗauke da ranar zuwanka da ranar tafiyarka. Saƙon da aka kwafa aka rarraba, daga layin farko ake gane shi. Yawancinsu suna son wanda zai zauna aƙalla mako biyu zuwa wata guda, don koyar da sabon mutum kaɗai yana cin kwanaki.

Wajen karanta sharhin waɗanda suka riga ka, tsallake masu yabo ka nemo masu ƙorafi. Idan mutum uku sun ambaci ƙarin awoyi ko ɗakin ma'aikata mara taga, to haka wurin yake.

Idan an amsa maka, nemi ku yi magana ta bidiyo, sannan duk abin da kuka yanke a rubuta shi cikin saƙon shafin, ba a WhatsApp kaɗai ba, don shi ne hujjarka idan magana ta canza. Tambayi awa nawa a mako, waɗanne ranaku ne hutu, ko akwai aikin dare, a wane ɗaki za ka kwana kuma mutum nawa ne a ciki. Aikin dare daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe awa takwas ne, ya kamata a lissafa shi a haka. Akwai kuma tambayoyin da Musulmi zai yi tun kafin ya sayi tikiti. Masaukai da yawa suna da mashaya, kuma cikin aikin 'yan sa kai har da zuba giya ko jagorantar baƙi zagayen mashayu da dare. Faɗa musu kai tsaye ba ka yin wannan, ka zaɓi shara, gyaran gadaje ko tebur. Ɗakin ma'aikata galibi maza da mata a haɗe yake, don haka mace ta tambaya ko akwai ɗakin mata zalla, idan babu ta nemi wani wurin. Maganar fita sallar Juma'a da sauya lokacin aiki a watan azumi ma a gama ta tun yanzu. Ranar da aka manna jadawali a bango, gyara ya yi wuya.

Yi ɗan lissafi kafin ka ce to. A ce gadon dala 10 ne a dare, dala 70 ke nan a mako. Idan za ka yi awa 25, kowace awa ta tashi ƙasa da dala 3. A garin da kwana ke da tsada cinikin yana da riba, a garin da gado ke da araha kuwa wani lokaci gara ka biya kuɗinka ka huta. Duk wanda ya nemi awa 35 ko 40 a kan gado ɗaya, ma'aikacin kyauta yake nema.

A jaka ka sa kwaɗo don lokarka, silifas na wanka, abin toshe kunne saboda masu minshari, ƙaramar tocila, da buta ko gora don banɗakunan Turai ba su da ita. Ka riƙe kuɗin kwana biyar zuwa bakwai a wani masaukin ban da na abinci, da tikitin fita daga ƙasar, da inshorar lafiya.

Ranar da ka isa, ɗaga zanen gado ka haska ɗinkin gefen katifa da lungunan katako. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma idan ya shiga jakarka sai ka wanke komai da ruwan zafi mai digiri 60. Fasfo a nuna shi a yi kwafi a dawo maka da shi nan take, kada ka bar shi a hannun kowa da sunan ajiya.

Aikin safe yakan fara ne bayan baƙi sun sallama, wajen ƙarfe 10 ko 11, kuma dole a gama kafin sababbi su fara shigowa da ƙarfe 2 ko 3. Cire zannuwa duka a zagaye ɗaya ka jefa a injin wanki, sannan ka koma shimfiɗa, gadon sama kafin na ƙasa don kada ka taka wanda ka gyara. Banɗaki a ƙarshe. Kada ka taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana illata huhu. A tebur kuma ƙirga kuɗin aljihun tebur a gaban wanda ka karɓa daga hannunsa, ku sa hannu tare.

Rubuta awoyinka kullum a waya. Idan suka fara haura abin da aka yi alkawari, nuna wa manaja saƙon farko cikin ladabi tun a makon farko. In bai gyara ba, ba shi sanarwar kwana biyu ko uku, ka kai ƙara ga shafin da ya haɗa ku, ka koma masaukin da ka tanadi kuɗinsa.