Kurakuran da malamai suka fi yi, a aji da kuma a gida

Malamin da ya shiga aji da safe ba shi kaɗai ya kawo kansa ba. Akwai matarsa da ta haƙura da fitila a kunne har tsakar dare yana duba takardun jarrabawa, akwai abokin aikin da ya riƙe masa aji ranar da ɗansa ya kwana da zazzaɓi, akwai kuma iyayen da suka damƙa masa amanar 'ya'yansu. Yawancin kurakuranmu tushensu ɗaya ne: mu ɗauka aikin namu ne mu kaɗai.

A aji, babu kuskuren da ya kai "Kun gane?" yawa. Yara su haɗa baki su ce "Mun gane", malam ya goge allo ya wuce, alhali rabin ajin an baro su tun a misalin farko. Maganinsa ba wuya. Ka ba da tambaya ɗaya, kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga, ka gani da idonka. Idan kuma tambayar baki ce, ka dakata. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran zuwa daƙiƙa uku, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu shiru-shiru ma suka fara buɗe baki.

Na biyu shi ne gaggawar ƙarasa manhaja. A 2022 Bankin Duniya da abokan hulɗarsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yaron da bai iya haɗa baƙaƙe ba, me babi na tara zai amfana masa? Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta nuna hanya: a gwada kowane yaro, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon shekaru ba. Ko hukumar makaranta ba ta tsara haka ba, kana iya ware mintoci ashirin a rana ka yi. Sannan ka riƙa waiwayar darasin makon jiya, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin zubewa in ba a maimaita shi ba.

Iyayen yara kuwa, sau da yawa ba ma nemansu sai an yi laifi. Shi ya sa da uba ya ji an ce malam na kira, gabansa ke faɗuwa. Ka riga laifin isa gare su. Aika saƙo ka ce yau 'yarsu ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, ka kuma gode musu da suke turo ta kan lokaci. Ran da matsala ta taso, da abokin tafiya za ka yi magana.

Amma wanda ya fi damuna shi ne na cikin gida. Malami kan ƙarar da haƙurinsa kaf a kan 'ya'yan mutane, ya dawo wa nasa da gajiya da gajen haƙuri. Iyali ba sa kai ƙara, shi ya sa ake mantawa da su. Suna jure ƙarancin albashi tare da kai, suna jure hutun da ya tafi a shirya darasi, suna sauraron labarin yaran da ba su taɓa gani ba. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma yaba kyauta tukwici. Sai dai godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta ambaci abin da aka yi: "Na ga yadda kika riƙe gidan nan makon jarrabawa, na gode." Bayan magana kuma a ga aiki. Ka tsayar da lokacin da kake rufe jakar makaranta, ka riƙe shi. Ba kowane aiki ne sai ka bi shi da jan biro ba; wani a gyara shi tare a allo, yara su duba na juna. Haka abokan aiki: wanda ya ara maka tsarin darasi ko ya zauna a bayan ajinka ya gaya maka gaskiya, ka gode masa a gaban mutane, kai ma ka yi wa sabon malami irinsa.

Saura kuskuren ɗaukar manufofin ilimi a matsayin zancen manya. Ranar 5 ga Oktoba 1966 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da shawarwari kan matsayin malamai, ranar da tun 1994 ake bikinta a matsayin Ranar Malamai ta Duniya. Takardar ta yi magana kan yawan ɗalibai a aji da sa'o'in aiki, ta kuma ce a riƙa shawara da ƙungiyoyin malamai wajen tsara manufa. A 2015, a Incheon ta Koriya ta Kudu, ƙasashe sun amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Duk da haka, a 2024 UNESCO ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, fiye da rabinsu don maye gurbin masu barin aikin. Masu tsara manufa su ma suna da nasu kuskuren: gina tsari a kan sadaukarwar malami, kamar ba shi da kowa a gida. Don haka in aka kira taron malamai, ka je da lissafi a hannu: yara nawa ne a ajinka, sa'o'i nawa kake yi a mako wajen duba aiki bayan an tashi, ka nemi a rubuta su cikin bayanin taron.