Tsara 'yan wasan hokin ƙanƙara a ƙarƙashin iyakar albashi

A kakar 2025-26, iyakar albashin kowace ƙungiya a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, dala miliyan 95.5 ce, wato jimillar albashin 'yan wasanta ba za ta wuce haka ba. Matsakaicin kwantiragi ake lissafawa: miliyan 40 na shekara 5 yana cin miliyan 8 kowace kaka, ko nawa aka biya bana.

Fara ware kuɗin manyan 'yan wasanka. Babu wanda zai wuce kashi 20 cikin ɗari na iyakar. Guraben 'yan wasa 23 ƙungiya ke da su; waɗanda suka rage, cike su da matasa masu kwantiragin farko, sun fi araha. Ka bar ɗan sarari saboda rauni.

Ramin da manajoji ke faɗawa shi ne dogon kwantiragi ga ɗan shekara 31. Ƙafa ta yi nauyi, kuɗin na nan daram. In ka soke kwantiragin, kashi biyu bisa uku na ragowar kuɗin za ka biya, a kan ninkin shekarun da suka rage.